Riƙon Maraya Daga Ƙetare: Amsa Ga Wani Ɗalibi



Ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako mun ɗan jingine darasin da muke ciki, saboda wata wasiƙa da ta iso mana wadda ba ta jiran jinkiri. Mai wasiƙar tsohon ɗalibina ne, na karantar da shi Nahawu yana yaro, yanzu kuwa yana aikin asibiti a ƙasar Amurka tare da iyalinsa. Ya yarda a amsa masa a wannan fili, da sharaɗin kada a ambaci sunansa.

Ga taƙaitaccen abin da ya ce. Shi da maiɗakinsa Allah Ya ba su 'ya ɗaya, yau shekararta tara, daga ita haihuwa ta tsaya. Da suka zo ganin gida suka ziyarci wani gidan marayu, suka ga wani jariri ɗan wata bakwai, Allah Ya sa musu ƙaunarsa, suka shigar da takardun neman a ba su shi su tafi da shi can inda suke zaune. Yau wata goma sha uku ke nan suna jira. A can an turo ma'aikata sun duba gidansu ɗaki ɗaki, sun binciki albashinsa da lafiyarsu, sun ɗauki hoton yatsunsu, sun keɓe 'yar tasu sun yi mata tambayoyi. Uwargida ta sayi gadon yaro ta kafa, ta sayi tufafi har sau biyu, duk ya girme su bai sa ba. Ta rame, girki ya zame mata nauyi, dare ya yi ba ta barci sai duba saƙon lauya. Ana cikin haka wani ɗan'uwa ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce masa duk abin nan da yake yi haramun ne, Alƙur'ani ya soke shi. Shi ne yake tambaya: Malam, in janye?

Amsata ita ce kada ka janye, amma akwai gyara. Ɗan'uwan da ya tare ka ya faɗi rabin gaskiya ya bar rabi a aljihu.

Asalin rikicin daga harshe yake. Larabawa suna da kalmomi biyu da ba su haɗa hanya ba. Akwai tabanni, wadda aka ciro daga kalmar ibnu, wato ɗa, kuma duk ɗalibin Sarfu ya san wannan ma'auni yakan zo da ma'anar mutum ya ɗora wa kansa abin da ba nasa ba ne a asali. Tabanni shi ne ka ɗauki ɗan wani ka mai da shi ɗanka na tsatso, ka shafe sunan ubansa ka sa naka, ya gaje ka kamar wanda ka haifa. Akwai kuma kafala, wato ɗaukar nauyi da lamuni: ci da sha, sutura, magani, karatu, tarbiyya, har aure. Na farko shi aka haramta. Na biyu kuwa yana cikin manyan ayyukan lada. Mu Hausawa da ma da namu, muna cewa riƙo, muna cewa tallafi, kuma kowa a unguwa ya san ɗan riƙo ɗan wane ne ko da ya tsufa a gidan mariƙinsa. Wahalar ta zo ne da aka tarar dokar Turawa ta haɗa abubuwan biyu a takarda guda.

Labarin Zaidu ɗan Harisa, Allah Ya yarda da shi, shi ne tushen wannan babi, kuma ya kamata duk mai niyyar riƙo ya san shi kamar yadda ya san sunansa. Mahara suka kama shi yana yaro lokacin da mahaifiyarsa ta tafi da shi ganin danginta, aka kai shi kasuwar Ukaza aka sayar. Hakimu ɗan Hizamu ya saye shi domin gwaggonsa Nana Khadija, ita kuma ta ba da shi ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tun kafin a aiko shi. Bayan shekaru labari ya kai wa mahaifinsa, ya taso da ɗan'uwansa har Makka da kuɗin fansa. Dubi abin da Manzo ya yi. Bai ɓoye yaron ba, bai musa musu ba, bai kuma karɓi ko dirhami ba. Ya kira Zaidu ya ba shi zaɓi, ko ya bi mahaifinsa ko ya zauna. Zaidu ya gane ubansa da baffansa sarai, amma ya zaɓi zama, saboda kyakkyawan riƙon da ya gani. Nan take aka fita da shi gaban Ƙuraishawa aka shelanta shi ɗa, bisa al'adar wancan zamani, mutane suka dinga kiransa Zaidu ɗan Muhammadu. Abdullahi ɗan Umar ya ba da labari, kamar yadda yake cikin Bukhari, cewa ba su daina kiransa haka ba sai da aya ta sauka.

Ayoyin suna cikin Suratul Ahzabi, ta 4 da ta 5. Ma'anarsu a taƙaice ita ce Allah bai mai da 'ya'yan da kuka jingina wa kanku 'ya'yanku na haƙiƙa ba, magana ce ta fatar baki. A kira su da sunayen ubanninsu, shi ne mafi adalci. In ba a san ubannin ba, to, 'yan'uwa ne a addini kuma majiɓinta. Aka kuma ɗauke laifi ga abin da aka yi cikin kuskure, aka bar shi ga abin da zuciya ta yi da gangan. Daga ranar ya koma Zaidu ɗan Harisa. To, amma me ya ragu daga matsayinsa? Ko ƙwayar gero. Ya ci gaba da zama masoyin Manzo, ya jagoranci rundunoni, ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira yana riƙe da tuta, kuma shi kaɗai ne sahabin da Alƙur'ani ya ambata da sunansa, a aya ta 37 ta wannan sura. Abin da aka cire suna ne da gado da hukuncin aure. Ƙauna da riƙo aka bar su yadda suke.

Ladan riƙon kuwa ba ɓoyayye ba ne. Sahalu ɗan Sa'adu ya ruwaito cewa Manzo ya ɗaga manuniya da ɗan yatsan tsakiya, ya nuna cewa kusancinsa da mai riƙon maraya a Aljanna kamar kusancinsu ne. A ruwayar Muslimu an ƙara da cewa ko marayan na dangi ne ko na bare. Shi kansa Manzo ai a hannun mariƙa ya tashi: mahaifinsa ya rasu yana ciki, mahaifiyarsa ta rasu a Abwa'i yana ɗan shekara shida, kakansa ya rasu yana ɗan takwas, daga nan sai gidan Abu Ɗalibi da matarsa Faɗimatu 'yar Asadu. Da fari ya auka wa Makka, shi ma ya ɗauki Aliyu ya riƙe domin ya rage wa baffansa nauyi.

To, ɗalibina, tunda ka san halal ne, ga inda nake so ka fi tsananta bincike, domin nan ne mutanen kirki suka fi faɗawa rami da kyakkyawar niyya. Ka tabbata yaron nan ba shi da mai haƙƙi a kansa? A wasiƙarka ka ce an gaya muku ba shi da kowa. Wa ya gaya muku, kuma da wace hujja? Maraya a shari'a shi ne wanda ubansa ya rasu kafin ya balaga, ana iya samun uwarsa da ranta. A mazhabarmu ta Imamu Maliku reno haƙƙin uwa ne, in babu ita sai kaka ta wajen uwa, sai 'yar'uwar uwa, haka har a gangaro. Ba kowane yaro da ke gidan marayu ne ya rasa dangi ba. Da yawa talauci ne ko rashin lafiya ya sa aka kai su ajiya, da niyyar a dawo a ɗauka. Wanda ya haye da irin wannan yaro bayan teku, uwa ta dawo ta tarar da wayam, ya shiga cikin gargaɗin hadisin Abu Ayyuba da Tirmizi ya ruwaito, cewa mai raba uwa da ɗanta Allah zai raba shi da masoyansa ranar Alƙiyama.

Kada a ce tsoratarwa ce ta malamai. A watan Oktoba na 2007 hukumomin Chadi suka tsare wasu Faransawa 'yan ƙungiyar L'Arche de Zoé a garin Abeche, suna shirin ɗora yara 103 a jirgin sama zuwa Faransa da sunan marayun Darfur. Har bandeji aka naɗa wa wasu don a ce majiyyata ne. Da aka bincika sai aka tarar mafi yawansu 'yan Chadi ne, kuma suna da iyaye ko dangi a raye. Kotu ta ɗaure mutum shida shekara takwas-takwas a watan Disamba, Shugaba Idris Deby ya yi musu afuwa a watan Maris na 2008. Can Faransa kuwa akwai iyalai da suka biya kuɗi suka gyara ɗakuna suna jira, kamar yadda maiɗakinka ta gyara. Ƙasar Koriya ta Kudu ta tura yara wajen 200,000 zuwa ƙasashen waje tun bayan yaƙinta na shekarun 1950, sai a 2025 hukumar binciken da gwamnatinta ta kafa ta tabbatar cewa an yi ta rubuta yara masu iyaye a matsayin tsintattu. Habasha ta rufe wannan ƙofa a 2018. Birtaniya ta dakatar da karɓar yara daga Nijeriya a 2021, bisa dalilin rashin amincewa da takardu da kuma labaran cinikin jarirai, abin da ya isa ya sa kowane ɗan ƙasa ya sunkuyar da kai. Ita kanta Amurka yaran da ake shigarwa ta wannan hanya sun kai kusan 23,000 a 2004, amma a 2020 ba su cika 2,000 ba. Jinkirin da yake damunka ke nan asalinsa. Yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Hague na ƙasar Holan a 1993 ta ginu ne a kan a fara neman dangin yaro, sa'an nan mariƙi a cikin ƙasarsa, ƙetare ya zo a ƙarshe, kuma kada kowa ya ci riba a tsakani. Ni dai ban ga abin da ya saɓa wa fiƙihu a wannan jeri ba.

Saboda haka ka wakilta mutum mai amana, ba wanda yake da rabo a cikin kuɗin ba, ya je ya ga rajistar gidan da idonsa, ya ga rahoton 'yan sanda, ya ji daga bakin mai unguwar da aka ce an tsinci yaron. Duk wanda ya ce ka kawo wani abu a gajarta maka hanya, ko a rubuta cewa matarka ce ta haife shi don a huta da kotu, ka guje shi kamar yadda kake gudun wuta. Wannan shaidar zur ce, kuma ita ce ainihin tabannin da aka haramta, an ƙara mata da cin hanci.

In bincike ya tabbatar tsintacce ne, to, babinsa sananne ne. Shaihu Halilu ya kawo a Mukhtasar cewa ɗaukar jaririn da aka yar farilla ce ta kifaya, in kowa ya wuce shi duk gari sun yi laifi. A Muwaɗɗa an kawo labarin Sunainu Abu Jamila da ya tsinci jariri a zamanin Sayyidina Umar; da aka shaidi mutumin da kirki, Umar ya bar masa yaron, ya hukunta cewa ɗa ne ba bawa ba, ciyarwarsa kuma a kan baitulmali. Irin wannan yaro ana sa masa suna mai kyau, a haɗa masa da wani suna na gama-gari kamar Abdullahi ko Abdurrahmani a gurbin na uba. Kuma ina roƙon masu karatu, don Allah a kiyaye harshe. Ba wanda ya san abin da ya raba jariri da uwarsa, ko ma mene ne kuwa, shi bai aikata kome ba.

Saura batun takardar can. Na san dokar Amurka, kamar ta Ingila, in kotu ta tabbatar da riƙo sai ta ba da sabuwar takardar haihuwa da sunan mariƙa a gurbin iyaye, yaro ya zama magaji in mutum ya mutu bai bar wasiyya ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20, amma ambato daban, samun biza da ita daban. Malaman zamani sun yi saɓani a nan. Wasu sun hana sa hannu a irin wannan takarda ɗungum. Wasu sun sauƙaƙa in babu wata hanyar da yaro zai zauna tare da mariƙinsa ya sami kariyar doka, da sharaɗin a tsare hukunce-hukuncen shari'a a aikace. Ni na fi karkata ga na biyu, domin ayar ta rataya laifi ne ga ganganci na zuciya, kai kuwa ba ka nufin ka yaudari kowa. Miƙdadu, Allah Ya yarda da shi, ɗan Amru ne, amma har yau littattafai suna kiransa ɗan Aswadu da sunan wanda ya riƙe shi a Jahiliyya, don kowa ya san gaskiyar nasabarsa. Sai dai ka roƙi kotu ta bar wa yaron sunansa, abu ne da lauya zai iya nema. Ka adana takardunsa na asali kamar yadda kake adana fasfo. Ka kuma rubuta gaskiyar al'amari da shaidu biyu, kofi ɗaya a wurinka, ɗaya a wurin danginka a gida. Allah ne Mafi sani.

Yanzu ga abin da ya sa na ce wasiƙar ba ta jiran jinkiri. Yaron nan watansa ashirin. Namiji ne, zai balaga a gida ɗaya da matarka da 'yarka, riƙo kuwa ba ya mai da shi muharraminsu. Wannan damuwa ce ta sa Sahla 'yar Suhailu, matar Abu Huzaifa, ta kai kuka wurin Manzo game da Salimu bayan saukar ayar. Sauƙin da aka yi mata na shayar da babba, jamhurun malamai sun ce nata ne ita kaɗai, duk da Nana A'isha tana ganin ya game. Ƙofar da take buɗe ga kowa ita ce shayarwa a cikin shekara biyun farko. A wurin Malikiyya ko tsotso ɗaya ne in ya isa ciki ya wadatar, an kuma yi rangwamen wata ɗaya zuwa biyu bayan cikar shekarun. Shafi'iyya sun sharɗanta sau biyar. Amma akwai wani ƙaidi da Ibnu Abi Zaidin ya kawo a Risala wanda mutane suke mantawa: in an riga an yaye yaro ya wadatu da abinci, shayarwar da ta biyo baya ba ta haramta kome a mazhabarmu, ko da bai cika shekara biyu ba. Shafi'iyya da Hambaliyya su shekarun suke dubawa. Don haka ka aika yau a tambayo, har yanzu yana kan madara ko ya bar ta?

In yana kai, ga hanyoyi. Mafi cika ita ce maiɗakinka ta zo da kanta. Likitoci suna da dabarun da suke sa nono ya zo wa macen da ba ta haihu kwanan nan ba, kai ma'aikacin asibiti ne ka fi ni sani, malamai kuwa nonon mace suka ambata, ba su sharɗanta goyo ba. In ta shayar da shi ta zama uwarsa ta shayarwa, 'yarku ta zama yayarsa. In hakan ya faskara, ƙanwarta ko yayarta mai goyo tana iya shayar da shi da izinin hukumar da ke riƙe da shi, sai matarka ta zama innarsa. To, amma a lura, wannan ya warware na uwargida ne kurum; 'yarku ta zama 'yar inna, aure ya halatta tsakaninsu, hukuncin hijabi yana nan. Ko wace aka bi, a kafa shaidu a rubuta rana. In kuwa lokaci ya riga ya ƙure, ba a fasa riƙo saboda haka. Gidajenmu cike suke da 'ya'yan baffanni da agololi da almajirai da suka tashi tare cikin mutunci. A raba makwanci da wuri, a koyar da sallama kafin shiga ɗaki, a kiyaye sutura da keɓancewa in ya kawo ƙarfi.

Gado kuma gajeren bayani ne. Ba ya gadonka, amma Manzo ya yarje wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙasi wasiyya har sulusi, wanda ba magaji ba kuwa shi ne mahallinta. Sau da yawa sulusin nan yakan fi rabon ɗa na ciki. Kana kuma iya yi masa kyauta kana da lafiya, a fitar da ita daga dukiyarka da shaidu, domin a wurinmu kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya kwanta ciwon ajali ta ɓaci. Tunda dokar inda kake tana bin abin da mutum ya rubuta, ka rubuta wasiyyarka bisa rabon shari'a tun kafin yaron ya sauka daga jirgi.

Bari in juyo ga cikin gida, inda na ga wasiƙarka ta fi nauyi ko da yake a nan ka fi taƙaitawa. Ka ce uwargida ta rame. Ka gaishe ta, ka gaya mata in ji ni: niyyarta ta riga ta isa inda ake rubutawa, ko yaron ya zo ko bai zo ba. Amma akwai wata yarinya 'yar shekara tara a gidan nan wadda take da haƙƙi yau, ba sai biza ta fito ba. Wata goma sha uku tana ganin fuskar uwarta a kan waya, tana jin ana hirar wani da ba ta taɓa zama da shi ba. In aka ci gaba a haka, ranar da ƙanen zai iso za ta tarbe shi a matsayin wanda ya ƙwace mata uwa tun bai zo ba. A sa wa saƙon lauya lokaci guda a yini, in ya wuce a kife waya. A koma cin abinci tare, a koma biya mata karatun Alƙur'ani bayan magariba. A sa ta cikin shirin, ta zaɓa masa bargo, ta koyi sunansa a addu'arta. A daina sayen tufafi.

Kai ma da naka. Kada kuɗin lauya da na jirgi su ci abin da kake aika wa mahaifiyarka duk wata, domin wancan wajibi ne, wannan nafila. Kada ka ci bashin ruwa don ka yi aikin lada. Ka kuma sanar da iyayenka da surukanka tun yanzu, da bakinka, ka ji abin da za su ce ko da ba daɗi. Na sha ganin yaron da mariƙinsa ya riƙe shi kamar ƙwai, ranar da ya rufe ido dangi suka nuna masa ƙofa kafin a share makoki, don tun farko ba a shigar da su cikin maganar ba. Sa'an nan kai da maiɗakinka ku zauna ku tambayi juna tsakani da Allah: in gobe aka sami ciki, yaron nan zai koma ɗan aike? In ɗayanmu ya rasu, wa zai riƙe shi? Wanda ya raba yaro da ƙasarsa da harshensa ya yanke masa duk wata igiya sai tasa, ba shi da damar ya yi masa riƙon sakainar kashi daga baya.

Ranar da zai iso, kada ku sa ran murna daga gare shi. Ku kun shekara kuna kallon hotonsa, shi bai san ku ba. An ɗauke shi daga hannun da ya saba da shi, zuwa sanyin da bai taɓa ji ba da abincin da bai sani ba. Yana iya kwana yana kuka, ya ƙi a ɗauke shi, ya ɓoye abinci a ƙarƙashin matashi, ko ya bi duk baƙon da ya miƙo masa hannu, don bai riga ya san bambancin uwa da mai aikin kwana ba. Ku rage baƙi a makonnin farko, ku bar walima sai ya natsu. Ku yi masa Hausa, ku dama masa kunu irin wanda ya saba. Umar ɗan Abu Salama, agolan Manzo, ya tsufa yana ba da labarin ranar da hannunsa yake yawo a akushi, Manzo ya gyara masa cikin taushi, ya koya masa ambaton Allah da ci da dama da cin abin da ke gabansa. Tarbiyya ce ta uba, a kan akushi ɗaya. Kuma ba laifi ka ce masa ɗana, ya ce maka baba. Manzo ya kira Anas da irin wannan kira na tausayi, alhali kowa ya san ɗan Maliku ne.

Gaskiyar asalinsa kuwa a fara gaya masa tun yana ƙarami, daidai hankalinsa, kamar yadda ake ba yaro labarin ranar sunansa: ga garin da muka same ka, ga matar da ta yi renonka, ga jirgin da ya kawo mu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kun ɓoye, zai ji ne a bakin wani yaro wurin faɗa, ko a zauren rabon gado, ko ranar da aka je nema masa aure aka tambayi asali. Ku riƙa kawo shi gida in hali ya yi, ya ga gidan da ya fara rarrafe a ciki. In wata rana wani ya fito da hujja ya ce jininsa ne, ku buɗe masa ƙofa kamar yadda aka buɗe wa Harisa.

In kuma hukuma ta ce a'a, ko bincike ya tono wata kaka a ƙauye da take nemansa, to, ka mayar mata da jikanta, ka ɗauki nauyin ci da karatunsa yana hannunta. Malamai sun ce ciyar da maraya daga dukiyarka yana cikin kafala ko ba a ɗaki ɗaya kuke kwana ba, kuma kuɗin tikitin jirgi guda zai daɗe yana ciyar da gidan.

Ina jiran amsarka game da madarar. Allah Ya sa mu dace. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan darasinmu daga inda muka tsaya.